Ɗan Rawar Manila da Makaɗin Noma

Ina cikin shekarata ta biyu da tuƙin ƙaramar bas a Doha aka ƙara mini fasinja ɗaya. Aikina shi ne in kwashi ma'aikatan wani gidan motsa jiki daga gidan da kamfani ya kama musu a Madinat Khalifa, in kai su wurin aiki da safe, in dawo da su da yamma. Su goma sha huɗu ne, yawancinsu 'yan Filifin. Wanda aka ƙara ɗin namiji ne da ya ɗan haura hamsin, gajere, siriri, ga furfura a gefen kunnuwa. Yana shigowa sai ya nufi kujerar gaba, kusa da ni, bai ko tambayi ta wace ce ba. Ni kuwa a kan kujerar nan nake ajiye filas ɗin shayina. Na kalle shi, ya kalle ni. Sai ya ɗauki filas ɗin ya rungume a cinya, ya ce da Larabci, "Yalla, sadik," wato mu je, aboki.

Na ce a raina, ka ji mutum, daga zuwa. Na tayar da mota.

Kafin mu fita daga unguwar na lura motar ta canja. Matan da kullum suke gyangyaɗi a baya duk sun farka, sai raɗa suke yi suna leƙen ƙeyar mutumin. Ɗaya ta saki wata 'yar ƙara ta toshe baki. Da muka isa, kafin ya taka ƙasa an kewaye shi ana ɗaukar hoto. Na kira wadda ke zama a teburin karɓar baƙi, don ita ce mai yawan surutu a cikinsu, na tambaye ta ko wane ne.

Ta zaro ido ta ce, "Ba ka san shi ba?"

Na ce, "Ina zan san shi? Ɗan garinmu ne?"

Sai ta buɗe wayarta ta nuna mini wani tsohon bidiyo. Dandamali ne mai fitilu kala-kala, mawaƙiya a gaba, a bayanta samari cikin kaya masu ƙyalli suna tsalle. Ta ɗora yatsa a kan na uku daga hagu. Ta nuna mini wani kuma, nan ya ɗan manyanta, yana riƙe da makirfo yana gabatar da gasar rawa, yana tsokanar wata tsohuwa, jama'a na ta kyakyata dariya. Ta ce shiri ne da ake yi da tsakar rana a talabijin ɗin ƙasarsu, kowane gida da shi ake cin abinci, kuma ita tun tana firamare take ganinsa.

Da yamma na kai labarin ɗakinmu. Mu huɗu ne a ɗakin, duk Hausawa, biyu masu gadi, biyu direbobi. Na ce musu yau na ɗauko dattijo mai furfura wanda ba shi da sana'a sai rawa. Aka yi ta dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Akwai dalili. Ni makaɗin noma ne, ba wanda ya sani a cikinsu. A ƙauyenmu kawuna ne mai gangar noma, a hannunsa na koya, kuma na bi gayya da ganga a kafaɗa har na kai shekara ashirin da biyar kafin in koma tuƙi. Da na zo Doha na binne zancen, don na san halin mutanenmu. Ranar da suka ji, to sunana ya zama maroƙi har in bar ƙasar.

Mutumin dai ya mallake kujerar gaba. Ina ce masa kabayan, yadda 'yan ƙasarsu ke kiran junansu, shi yana ce mini sadik. Da guntun Turancinmu da ɗan Larabcin titi muke hira, kuma a cunkoson safiya na ji tarihinsa kaɗan-kaɗan. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya ci wata gasar rawa ta unguwa, aka ɗauke shi cikin 'yan rawar shirin. Kwana shida a mako, kai tsaye, ba a yankewa ba a gyarawa. Ya ce ya yi rawa da zazzaɓi, ya yi da yatsa a targaɗe, ya yi washegarin da aka binne mahaifinsa. Daga baya aka ba shi makirfo saboda yana da ban dariya. Sai sabbin yara suka taso, aka mayar da shi bayan kyamara yana koya musu taku. Wata rana aka ce masa ya je gida ya huta, za a kira shi. Ya ce shekara biyu yana cajin waya yana jira, ba a kira ba. Yanzu a Doha yana jagorantar rawar motsa jiki da safe, da yamma ya koya wa yaran masu kuɗi.

Bai taɓa faɗin wannan da kuka a murya ba. Yadda zan ba ka labarin motocin da na tuƙa, haka yake ba da nasa.

Ran Juma'a da safe nakan kai su cefane babbar kasuwar kayan lambu, lokacin tana Abu Hamour. Nan ma ba ya tafiya taku goma ba a tare shi ba. Ma'aikatan jinya, masu aikin gida, masu gyaran esi mai sanyaya ɗaki, kowa sai ya ce a yi masa takun nan na da. Shi kuwa ba ya ƙi. Sai ya ajiye ledar kabeji ya ɗan juya sau ɗaya, a yi tafi, ya ɗauki ledarsa. Ni ina gefe da kwalin tumatir ina jin kunya a madadinsa, kuma wallahi ina ɗan jin kishi.

Akwai abu ɗaya da yake yi kullum ba fashi. Ƙarfe bakwai na safe, muna kan hanya, sai ya kira gida ta bidiyo. Bakwai ɗinmu ita ce sha biyun ranarsu. Ƙanwarsa ce ke ɗauka, sai ta kai wayar gaban wata tsohuwa da ke zaune a kujerar roba. Tsohuwar takan kalli wayar, ta ɗan rusunar da kai, ta faɗi wata magana, ta ture hannun ƙanwar gefe. Shi kuma ya yi murmushi ya kashe. Na fi wata biyu ina ganin haka kafin in tambaye shi abin da take cewa.

Ya ce, "Mahaifiyata ce. Cewa take, sannu da zuwa malam, amma ka ɗan matsa, ɗana zai fito yanzu."

Gigin tsufa ne ya kama ta. Shekara uku ke nan ba ta gane shi ba, ko a waya ko da ya je hutu ya zauna a gabanta. Ita ɗanta yana cikin talabijin, ƙarfe goma sha biyu. Kullum sai ta yi wanka ta zauna tana jiran ya fito, kullum shirin ya ƙare bai fito ba, ta ce wataƙila gobe. Ya ce, "Sadik, in ina son ta gan ni, sai na shiga cikin akwatin nan."

Tawa uwar ta rasu ina nan Doha, ban samu jana'iza ba, amma ko a wayarmu ta ƙarshe da sunana ta kira ni.

Da sanyi ya fara shigowa sai ga shi wata safiya yana ta rawar jiki, ya kasa zama. Shirin talabijin ɗin nan zai yi bikin cika shekaru, za a tara tsofaffin 'yan rawa su fito sau ɗaya. An ce kowa ya aiko da bidiyo na minti biyu, ba yanka, a ga wanda ƙafarsa ke ɗaukarsa har yanzu, kuma kafin ƙarshen wata. Wanda aka zaɓa za a kira shi Manila. Ya riga ya yi wa mudir, wato manajansu, maganar hutu.

Rawar da ya zaɓa ita ce wadda ta yi masa suna, ta gargajiyarsu, wadda ake yi da gora biyu. Ana shimfiɗa dogayen gora biyu a ƙasa a kan guntayen katako. Mutum biyu su durƙusa, ɗaya a kowane ƙarshe, su riƙe. Su buga sau biyu a buɗe, na uku su haɗe goran da ƙarfi. Mai rawa yana sa ƙafa a tsakani lokacin da suke buɗe, ya zare kafin su haɗe. Shi ke nan. Ya samu kukun gidansu, wani ƙato mai sanyin hali, zai riƙe ƙarshe ɗaya. Saura ɗaya.

Ya ce, "Kai ne."

Na ce, "Ni? A'uzu billahi. Me ya haɗa ni da rawa?"

Ya nuna sitiyari. Ya ce tun ranar farko yake kallon yatsuna in danja ta tsayar da mu, kuma hannun da ke wannan bugun ba a gareji ya koya ba. Na ji kamar an kama ni da hannu a tukunya. Na musa, na rantse, na kawo zancen mutunci. Ya bar ni na gama tsaf sannan ya ce duk 'yan gidan ya gwada su, rabi suna tsoron goran, rabi ba su da kunne. Daga ƙarshe na yarda, bisa sharaɗin kada fuskata ta fito, kuma kada wani Bahaushe ya ji.

Da na je Juma'ar farko na tarar da bututun roba biyu na famfo, wai su ne gora. Na ɗaga ɗaya na buga, sai wani sauti kamar an taka fanko. Raina ya ɓaci. Na ce haba kabayan, shekara nawa kana talabijin, da wannan za ka koma? Ya ce a Doha kowa da shi yake yi. Na ce ban da ni. Na shafe safiya biyu ina zagaya masu sayar da shuke-shuke a bayan kasuwar Abu Hamour, har na samu wani ɗan Bangaladash da ke da gora ta yin rumfa. Na zaɓi biyu masu kauri, busassu, masu nauyi, na zura su ta ƙofar baya na kawo. Da ya buga ya ji amonsu sai ya rungume ni. Na yi ta jin kaina ranar, ban san abin da na sayo ba.

A tsakar gidan muke gwaji, bayan la'asar. Tun kafin in durƙusa ya kafa mini doka, ya maimaita ta sau uku yana nuna ni da yatsa.

"Kada ka kalli ƙafata. Ka ƙirga kawai. Ƙafata ta san inda gora za ta kasance. In ka ji tausayina ka jinkirta, ka kama ni. In ka yi sauri, ka kama ni. Ka kalli bango."

Na ce to. Amma a wurinmu ba haka aka koya mini ba. Kawuna cewa yake makaɗin da ba ya kallon manomi icce yake duka. A gayya idonka na kan garma. Kowa kana ba shi kiɗa daidai ƙarfinsa. In ka hango wani ya fita daban, ya bar sa'o'insa a baya, ƙasa na tashi a kafaɗarsa, to shi za ka bi. Ka matsa kusa da shi, ka ɗaga kiɗan, ka zuga shi, har ya yi abin da shi kansa bai san zai iya ba. Ba kowa ake yi wa haka ba. Ni a shekaruna da ganga, waɗanda na yi wa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ban gaya wa kabayan wannan ba, don ban ga abin da ya haɗa gonar gero da tsakar gida a Madinat Khalifa ba.

Juma'a biyu muka yi gwaji lafiya lau. Akwai wani tsagi a jikin bango kusa da injin esi, shi na riƙe da ido. Biyu a buɗe, ɗaya a haɗe. Kukun yana ƙirgawa da leɓe, ni ba na bukata. Shi kuma mai rawar yana yi ne sama-sama cikin singileti, yana tsayawa yana gyara mana zama. Ya ce tun da ya bar gida bai samu hannu irin nawa ba. Kai, na ji daɗin maganar nan.

Juma'a ta uku ita ce ta ɗaukar bidiyo, saura kwana huɗu wata ya ƙare. Duk gidan aka fito aka jeru a jikin bango. Mai teburin karɓar baƙi ta kafa waya a kan kujera ta tokare ta da gwangwanin madara. Sai ga shi ya fito daga ɗaki. Ya rina gashinsa baƙi wuluk, ya sa farar riga shara-shara mai aiki a ƙirji, da jan wando naɗe zuwa ƙwauri, ƙafa ba takalmi. Matan suka yi shewa. Ya tsaya a gefen goran, ya sa hannuwa a baya, ya ɗaga haɓa, ya ce yalla.

Na fara ina kallon tsagina. Allah ya sani na fara da niyya mai kyau. Amma sai na ji tsakar gidan ta yi tsit, mutum goma sha wani abu ba mai ko tari. Na ce bari in saci kallo sau ɗaya.

Tabɗi. Ashe duk gwajin nan wasa yake mana. Ƙafafun nan ba ka ganin lokacin da suke taɓa ƙasa. Ya shiga, ya fita, ya juya baya, ya tsallaka da ƙafa ɗaya, ya dawo da biyu, daga ƙugu zuwa sama kuwa ko motsi babu, fuskarsa na kallon wayar yana murmushi kamar yana gaida wani. Gora na wucewa ta gefen idon sawunsa da tazarar da ba ta kai yatsa ba, ko a jikinsa. Na ga gwanaye a gona, na san gwani in na gan shi. Tsigar jikina ta tashi. Kirari ya zo mini har baki.

Ban yanke shawarar komai ba. Hannuna ne ya yi abin da aka koya masa. Na ɗaga bugun.

Kaɗan ne fa, ba da yawa ba. Na ga kukun ya ɗago ido a firgice yana ƙoƙarin bi na. Mai rawar ya tsallake na farko, ya tsallake na biyu, har na ji daɗi na ce ka ga ya amsa. A na uku yana cikin juyi. Ƙarshena ya haɗe kafin na kukun, goran suka cafke ƙafarsa ta dama. Jikinsa ya gama juyawa, ƙafar tana nan inda take. Na ji ƙas, ya zube a kan siminti.

Bai yi ihu ba. Ni ne na yi salati da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Muka ɗauke shi ni da kukun muka sa a bas, na kai shi asibiti. Hoton ƙashi ya nuna karaya a idon sawu, jijiya ma ta taɓu. Aka yi masa aiki, aka naɗe ƙafar da farin simintin nan na asibiti, likita ya ce ya manta da tsalle. Da bututun roba ne da ƙila targaɗe zai tsaya. Garin neman gira na rasa masa ido.

Ya gaya wa mudir tsautsayi ne, bai ambaci sunana ba. Kamfani ya mayar da shi teburin rajista. Da ya dawo aiki da sandunansa, sai ya wuce kujerar can baya inda zai miƙe ƙafa. Filas ɗina ya samu kujerarsa. Na kwana biyu ina kallonsa a wurin, sannan na mayar da shi ƙarƙashin kujerata don ba na son ganinsa.

Ranar bikin shirin, ƙarfe bakwai ta same mu a cunkoso. Duk motar aka duƙufa a kan wayoyi, an rage sauti saboda shi, amma ana ji. Na hango a wayar wadda ke bayana: tsofaffin 'yan rawa sun jeru, wasu da tumbi, wasu da sanƙo, suna ta fama. Ba ɗaya da ya kama ƙafarsa. Ta madubi na ga ya juya fuska yana kallon titi. Ranar bai kira gida ba.

Da muka isa kowa ya sauka, shi ya zauna. Ya ce in kashe mota. Daga can baya ya tambaye ni, "Me ya sa ka yi sauri?"

Na gaya masa komai. Kawuna, ganga, gayya, da wanda ake ɗaga wa kiɗa. Na ce a wurinmu girmamawa ce, ba a yi wa kowa. Ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da amfani.

Ya ce, "Na ce maka kada ka kalla."

Na ce, "Ka faɗa."

"Sau uku na faɗa."

"Sau uku."

Ya ce, "To ka riƙe girmamawarka. Ni uwata nake so ta gan ni." Ya ja sandunansa ya sauka, ya ƙi in taimaka masa a matakala.

Sama da wata ɗaya ba ya ce mini ko sannu. Ban ga laifinsa ba. Na so ma ya zage ni, ko ya kai ƙarata a sallame ni, da na fi samun sauƙi. Abinci ya daina yi mini daɗi. A ɗaki aka dame ni da tambaya, har wata rana na fashe na gaya musu gaskiya, gangar da goran duka. Ba wanda ya ce mini maroƙi. Babbanmu, wani mai gadi ɗan Sakkwato, ya ce, "Kai dai ka cuci bawan Allah, ka je ka yi ta ba shi haƙuri." Na yi ta bayarwa, yana gyaɗa kai kawai.

Wata safiya, an cire masa simintin yana dogara sanda ɗaya, sai na ga ya buɗe ƙofar gaba. Ya hau da ƙyar. Ya duba kujerar ya ce, "Ina filas?" Na zaro shi daga ƙasa na miƙa masa, ya rungume. Ya ce kada in tayar tukuna, ya miƙo mini wayarsa.

Bidiyo ne ƙanwarsa ta ɗauka. Ga tsohuwar a kujerar roba, ga talabijin a gabanta, a cikin talabijin ɗin kuma ga tsakar gidanmu ta Madinat Khalifa, har da injin esi. Ashe ƙanwar ta matsa masa ya aika mata abin da aka ɗauka ranar, ya aika yadda yake don haushi, ita kuma ta haɗa waya da talabijin ta kunna daidai ƙarfe goma sha biyu.

Yana fitowa da farar rigarsa tsohuwar ta gyara zama. Ta fara buga gwiwarta da tafin hannu, biyu, ɗaya, biyu, ɗaya, daidai wa daida. Tana dariya, baki ba haƙori. Sai na ga hannunta ya tsaya cak a sama. Daidai inda na ɗaga bugun ne. Ta ji kafin kowa. Da ya faɗi ta yunƙura ta miƙe, matar da sai an ɗaga ta, ta je ta dafa gilashin talabijin tana faɗa da ƙarfi, tana dangwala yatsa a kan wata hula da ta leƙo a gefen hoton. Hulata ce.

Na ce, "Me take cewa?"

Ya ce, "Cewa take, wane jaki ne aka ba gora? Zai karya mini yaro." Ya karɓi wayarsa. "Sannan ta kira ni da sunan da take kirana ina ƙarami. Ta ce wa ƙanwata ta kira mata ni yanzu-yanzu ta ji yadda ƙafar take."

Ƙanwar ta kira shi. Tsohuwar ta kalli wayar, ta ga mai furfura, ta ce masa ya nuna mata ƙafar. Ya nuna. Ta yi masa faɗa a kan tafiya ba takalmi, ta ce ya shafa man kwakwa, ta tambaye shi ko yana cin abinci. Ya ce sun yi kamar minti biyar tana sane da shi sarai. Washegari da ya kira, ta ce masa sannu da zuwa malam.

Na kifa kai a kan sitiyari na yi kuka, mutum goma sha huɗu na kallona, ban damu ba. Shi ya bar ni na ɗan lokaci sannan ya ce za mu makara.

Ƙanwar ta gwada yanke ƙarshen bidiyon, don ba ta son tsohuwar ta yi ta ganin faɗuwar. Da aka kunna mata yankakken, ta yi tafinta, ta ji daɗi, ta koma jiran gobe. Ba ta nemi kowa ba. Sai an bar faɗuwar take tashi ta nemi ɗanta, shi ma ba kullum ba. Don haka ya ce a daina yankewa.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Yana ɗingishi har yau, in sanyi ya shigo ya fi tsanani, kuma bai sake shiga tsakanin gora ba. Yaran da yake koya wa, a zaune yake nuna musu da hannu. Bai taɓa ce mini ya yafe ba, ni ma na daina tambaya. Goran suna nan jingine a bayan gidan, kukun yana shanya tsumma a kansu.

Lokacin kiran ne kawai ya canja. Yanzu ƙanwar ce ke kiransa, bakwai da 'yan mintoci, in abin ya yi. Sai ya sa abin sauraro a kunne ya juya wajen taga, ni kuma in rage rediyo. In ya gama sai in ce, "Kabayan, yau fa?"

In ya ce, "Ta zage ka tas," sai in ce alhamdu lillahi.

Wata ran kuma wayar ba ta ƙara har mu wuce shataletalen ƙarshe. Ranar ba na tambaya. Sai ya buɗe filas ɗin ya zuba mini shayi a murfi, ya riƙe har danja ta tsayar da mu.